Guzurin Mai Tafiya: Yadda Ake Raka Ɗan Katolika Daga Gadon Jinya Zuwa Kabari

Ni katikis ne, wato mai koyar da addini da jagorantar addu'a, a wata ƙaramar coci ta ƙauye a ƙasar Malumfashi, inda Fada, wato limamin cocin Katolika, yake zuwa mana sau ɗaya ko biyu a wata. Saboda haka idan ciwo ya tsananta wa wani cikin dare, ƙofata ake fara ƙwanƙwasawa. Na zauna a gefen tabarmar masu jinya da yawa, na rufe idon wasu da hannuna, kuma abin da zan rubuta a nan daga can na koye shi, tare da abin da aka karantar da mu a makarantar katikis.

Amma darasin farko a kan mahaifina na koye shi, kuma da tsada.

Baba ya kwanta ne tsakiyar damina, shekarar da na dawo daga makaranta. Kwana uku da kwanciyarsa na ce wa Inna ya kamata a aika wa Fada. Ta dube ni ta ce, "Kai, mutuwa kake so ka kira masa? Bari ya ɗan ji dama tukuna." Na yi shiru saboda kunya, alhali na san abin da ya dace. A rana ta tara numfashinsa ya sauya, muka tura yaro da babur. An kwana ana ruwa, rafi ya kawo, Fada ya tsaya a ƙetare yana jiran ruwa ya janye. Da ya iso, Baba ya cika tun hantsi, jiki har ya yi sanyi. Fada ya durƙusa ya yi addu'a mai tsawo, ya yayyafa ruwa mai tsarki, amma kwalbar man da ake shafa wa marasa lafiya bai buɗe ta ba. Ya ce da ni a hankali, "Malam, wannan na masu rai ne." Ban taɓa ganin laifin Inna ba, ƙauna ce ta sa ta faɗi haka. Ni ne na sani na yi shiru.

Kira Fada tun mutum yana iya magana

Tsoron da Inna ta ji yana nan a gidaje da yawa har gobe: wai in Fada ya shigo da mai, to an sallama. Tsoron yana da asali. Shekaru aru-aru ana kiran wannan sakramenti, wato ibada mai tsarki ta shafa wa mara lafiya mai, shafewar ƙarshe, ana ajiye shi sai an ga gargara. Babban Taron Batikan na Biyu, taron bishop-bishop na Katolika na duniya, shi ne ya gyara wannan a 1963, ya ce shafewar ba ta masu gargarar mutuwa kaɗai ba ce, lokacinta ya yi da zarar mutum ya fara shiga haɗari saboda ciwo ko tsufa. A 1972 Fafaroma Bulus na 6 ya fitar da sabon tsarin yin ta. Tushenta kuwa yana cikin Wasiƙar Yakubu 5:14-15: in wani ba shi da lafiya, ya kira dattawan Ikilisiya su yi masa addu'a, su shafe shi da mai cikin sunan Ubangiji. Lura da kyau, mara lafiyan ne aka ce ya kira. Wanda ya daina magana ba ya kiran kowa.

Don haka in likita ya ce ciwon babba ne, ko za a yi wa mutum babbar tiyata, ko tsohuwa ta fara yini a kwance ba ta iya fita tsakar gida, aika wa Fada ranar. Kada ka jira Lahadi. In damina ce, ka lissafa da rafi. In ka kira a waya, ka faɗa masa abu uku: ko mara lafiyan yana cikin hayyacinsa, ko yana iya haɗiya, da kuma ko akwai wata matsala da ka sani, misali aure da ba a ɗaura a coci ba, ko ya daɗe da barin zuwa. Ba tonon asiri ba ne, don Fada ya zo da shirinsa ne. Wanda ya shekara ashirin bai taka ƙofar coci ba shi ya fi kowa bukatar a kira masa.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, duk yara Kaka suke ce mata. Sau uku aka shafe ta cikin shekara huɗu. Na farko ta tashi har ta yi roron wake a kakar nan. Ana iya maimaitawa idan mutum ya warke ya sake kwanciya, ko ciwon ya ƙara tsanani. Tun daga kanta tsoron ya ragu a wurinmu, domin mutane sun gani da idonsu mai bai kashe kowa ba.

Kafin ya iso

A share ɗakin. A sa ɗan tebur ko kujera 'yar tsugunno kusa da kan mara lafiya, a shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta, a ɗora gicciye, kyandir ko fitila, ruwa mai tsarki in akwai, da ruwan sha a kofi da cokali. Mara lafiya ba ya cikin dokar azumin awa ɗaya kafin karɓar Jikin Kristi, wato gurasar da aka tsarkake a Mas, babbar sujadarmu, don haka kada a hana shi kunu ko magani.

Babban shirin ba na ɗaki ba ne. Zauna kusa da shi ka tambaye shi a hankali, "Baba, akwai wanda kake so a kira maka? Akwai bashin da ke kanka, ko ajiyar wani a hannunka?" Mu Hausawa mun san nauyin bashi a kan mamaci, shi ya sa ake shela a wurin jana'iza. Amma ya fi kyau ya faɗa da bakinsa. Na ga wa da ƙane da suka shekara bakwai ba sa gaisawa saboda iyakar gona. Wan yana kwance ya ce a kira masa ƙanen. Da ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, bai zauna ba. Wan ya ɗago hannu da ƙyar ya ce, "Ka yafe mini." Ƙanen ya durƙusa ya kama hannun, ya kasa cewa komai sai "Yaya, Yaya." Bayan wannan ne Fada ya shiga. Gafarar Allah ba ta ɗauke wa mutum mayar da haƙƙin wani, in yana da halin mayarwa.

Abin da Fada zai yi

Da farko zai ji furcin zunubi. A nan kowa ya fita, har matarsa, har ni. A ja yara nesa da taga. Abin da aka faɗa wa Fada a nan ba zai taɓa fita daga bakinsa ba ko da za a yanka shi, kada dangi su tare shi a zaure suna tambaya.

Sannan a dawo ciki. Zai ɗora hannu a kan mara lafiya shiru, ya shafa mai a goshinsa da tafin hannuwansa, yana roƙon Ubangiji cikin ƙaunarsa da jinƙansa ya taimake shi da alherin Ruhu Mai Tsarki, ya 'yantar da shi daga zunubi, ya cece shi, ya tashe shi. Man nan Bishop ne yake tsarkake shi sau ɗaya a shekara a Makon Tsarki, a raba wa kowane Fada. Fada kaɗai ke iya wannan shafewa. Katikis ba ya yi, Sista ba ta yi, ko dikon, mai matsayi ƙasa da Fada, ba ya yi. Man zaitun da mutane ke saye a kasuwa a yi masa addu'a daban ne, kada a haɗa su. Wanda ya riga ya suma ana iya shafe shi in an san da yana cikin hankalinsa zai so, kuma in ana shakkar ko rai ya fita ko bai fita ba, Fada zai shafa.

In ajali ya matso, akwai wata albarka ta musamman da Fada yake bayarwa da ikon Fafaroma, cikakkiyar afuwa daga duk horon da ya rage saboda zunubi. Ka tuna masa in ka ga bai yi ba, ba rashin kunya ba ne.

Na ƙarshe shi ne Jikin Kristi. A Latin ana kiran wannan karɓa ta ƙarshe da kalmar da ma'anarta a Hausa ita ce guzuri, ba ƙari ba ragi. Ba wanda zai bar ɗansa ya kama doguwar hanya ba a ƙulle masa ko ƙuli-ƙuli a bakin zane ba. Wannan ne ainihin sakramentin masu tafiya, ba mai ba. In haɗiya ta yi wuya, ɗan ɓalli kaɗan ya isa, a bi da ruwa a cokali. Wannan kam katikis da aka ba izini yana iya kawowa in Fada ya yi nisa, na sha ɗauko shi a ƙirjina a kan keke.

In babu Fada, kuma lokaci ya ƙure

Wannan ya fi yawa a ƙauyukanmu, kuma a nan ne mutane suke ruɗewa, a yi ta kuka a bar mai tafiya shi kaɗai. Allah ya ɗaure cetonsa da sakramenti, amma shi kansa ba a ɗaure yake ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai sami mai ba, bai sami guzuri ba, magana ɗaya ya yi, aka ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi, kamar yadda yake a Luka 23:43.

Sa masa gicciye a hannu, ko ka kai shi leɓensa. Matso kusa da kunnensa, ko da ka ga kamar ba ya ji, ka yi magana a hankali, gajeru-gajeru. Ka ja shi ya yi tuba ta gaskiya, wato baƙin cikin zunubi saboda ƙaunar Allah, ba don tsoron wuta kawai ba, da niyyar furtawa in ya sami hali: "Ya Allahna, na yi maka laifi, ina baƙin ciki domin kai nagari ne, ka gafarta mini." Irin wannan tuba tana kawo gafara ko da na babban zunubi. Afuwar nan da na ambata ma, Ikilisiya tana ba da ita ga wanda ya saba addu'a a rayuwarsa ko Fada bai samu zuwa ba. Sai a ci gaba da kiran sunan Yesu, a ja Rosari, carbin addu'armu, a hankali. Kullum a cikinsa muna ce wa Maryamu "ki yi addu'a domin mu masu zunubi, yanzu da lokacin mutuwarmu." To ga lokacin ya zo.

In jariri ne da ba a yi wa baftisma ba, ko babba mai koyon katikizim, wato koyarwar addini, da yake so, kowa yana iya yi masa, mace ko namiji, har ungozoma. A zuba ruwa zalla a kansa sau uku ana cewa, "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." Wanda ke zuba ruwan shi ne zai faɗi kalmomin. Daga baya a sanar da Fada ya rubuta. Amma kada a yi wa babban da bai taɓa nema ba don an ga ya suma. Ba a shigar da mutum bangaskiya ta bayan gida.

Maganin rage zafi ba laifi ba ne, a ba shi. Haka kuma in likita ya ce abin da ya rage wahalarwa ce kawai, ba zunubi ba ne a dawo da mutum gida ya cika cikin iyalinsa. Abin da aka hana shi ne a yi wani abu da nufin gaggauta mutuwar.

In rai ya yi halinsa

Rufe masa ido, ɗaure haɓa da ƙyalle, miƙe ƙafafu, yi masa alamar gicciye a goshi. Sannan a ce, "Ya Ubangiji, ka ba shi hutawa ta har abada, haskenka madawwami ya haskaka shi." A bar mata su yi kuka. Yesu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. Manzo Bulus bai ce kada mu yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kada mu yi irin na waɗanda ba su da bege.

Ga abin da muka gaskata yana faruwa a daidai wannan lokaci. Rai ya rabu da jiki, bai mutu ba, bai yi barci ba, ba ya yawo a tsakar gida. Nan take yake tsayawa gaban Kristi a yi masa shari'arsa shi kaɗai. Ibraniyawa 9:27 ta ce an ƙaddara wa mutum ya mutu sau ɗaya, bayan haka sai shari'a. Fafaroma Benedik na 12 ya tabbatar a 1336 cewa tsarkakakkun rayuka suna ganin fuskar Allah tun kafin ranar tashin matattu. Daga wannan shari'a hanya ta rabu: ko shiga sama kai tsaye, ko shiga sama bayan tsarkakewa, ko hallaka ta har abada. Sau ɗaya ake mutuwa, saboda haka ba mai dawowa a cikin wani. Uwar da ta binne 'ya'ya biyu ko uku a jere, aka ce mata wabi take yi, ɗa ɗaya ne ke zuwa yana komawa, na kan zauna in gaya mata kowane ɗaya daga cikinsu rai ne daban da Allah ya san sunansa.

Jahannama gaskiya ce, Yesu ya ambace ta fiye da sau ɗaya, kuma mafi zafin azabarta rabuwa da Allah har abada. Amma Allah bai halicci kowa don ita ba. Mai shigarta shi ne wanda ya yi babban zunubi, yana sane sarai, da yardar kansa, ya kuma ƙi tuba har numfashin ƙarshe. Wa ya ga numfashin ƙarshe na zuciyar wani? Ikilisiya ta ambaci sunayen tsarkaka dubbai ta ce suna sama, amma ba ta taɓa kama sunan mutum ɗaya ta ce wane yana wuta ba. Abin da Ikilisiya ba ta yi ba, kada a yi shi a zaman makoki.

Ina faɗin haka ne saboda iri uku na mamata da ake yi wa saurin hukunci. Wanda ya kashe kansa: Katikizim na 1992, littafin koyarwar Ikilisiya, ya ce ciwon ƙwaƙwalwa, ko matsananciyar damuwa, ko tsoro suna iya rage alhakin mutum, kada a fid da rai ga cetonsa, Ikilisiya tana yi masa addu'a, kuma yanzu ana yi masa jana'iza. Jaririn da ya rasu ba baftisma: muna danƙa shi ga jinƙan Allah wanda ya ce a bar yara su zo wurina, kuma akwai addu'ar jana'iza ta musamman dominsa. Sai dangin da ba Kirista ba. A gidajenmu na Maguzawa da wuya ka sami zuriyar da ba Musulmi, ba 'yan wata ɗarika, ba tsohon da ya mutu a kan al'adar kakanni. Kakana ma haka ya tafi. Taron Batikan ya koyar cewa wanda bai san Bishara ba ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya ya bi lamirinsa, yana iya samun ceto, ya kuma ambaci Musulmi da girmamawa a matsayin masu sujada ga Allah ɗaya mai jinƙai, mai shari'anta mutane a ranar ƙarshe. Ka je gaisuwarsu, ka yi musu addu'a.

Wani abu kuma da yake ƙona mini rai: gawa na kwance, an fara raɗa, wa ya ci shi? Kafin a rufe kabari an nuna wata tsohuwa mara gata an ce mayya ce, wani ya kama hanyar gidan boka. 'Yan'uwa, wannan ba namu ba ne. Ba a tambayar matattu, ba a duba. Mamaci ya tafi gaban mai shari'ar gaskiya, mu kuma mu tsaya a nan muna yanke wa rayayye hukuncin ƙarya? In ka ji an fara, tashi ka tsaya kusa da wadda ake zargi, a gan ka.

Jana'iza

A wanke gawa da mutunci, maza su wanke namiji, mata mace. Jikin nan an yi masa baftisma, ya ci Jikin Kristi, kuma zai tashi. Wannan ne dalilin ruwa mai tsarki da turare da kyandir ɗin Ista da ake kunnawa kusa da akwati, da farin ƙyallen da ake rufa masa don tuna rigar baftisma. A ranar ƙarshe Kristi zai dawo, matattu duka su tashi da jikinsu, a yi shari'a ta biyu a bainar jama'a. Ba za a sauya hukuncin farko ba, za a bayyana shi ne, a ga iyakar inda alherin kowa da muguntarsa suka kai bayan ransa. Tambayoyin ranar suna Matiyu 25: na ji yunwa, na ji ƙishi, na yi baƙunci, na yi tsiraici, na yi ciwo, an ɗaure ni.

A wurinmu ba ɗakin ajiye gawa, ga zafi, saboda haka ana binnewa ranar ko washegari. In Fada ya samu, a yi Mas. In bai samu ba, katikis ya jagoranci addu'o'i da karatu a coci ko a gida, a raka gawa maƙabarta, a yi Mas ɗin daga baya. Jana'izar ta cika, ba abin da ya ragu ga mamaci. Akwai ma ranakun da ko Fada na nan ba a yin Mas na jana'iza, kamar daga Alhamis Mai Tsarki zuwa Ista, da Lahadin Zuwan Almasihu, na Azumi da na Ista. Akwati ba dole ba ne, likkafani ya wadatar. Dokar Ikilisiya ta ce kada talauci ya hana kowa jana'iza ta mutunci. Kada a sayar da gona ko a ci bashi don abincin baƙi, a bar gwauruwa da marayu da wofin rumbu. Zumuntar Mata sun san aikinsu a nan, kowace ta zo da kwanonta. Ƙona gawa ba al'adarmu ba ce, amma ga masu 'yan'uwa a Turai ko Amurka, an halatta shi tun 1963, sai dai umarnin 2016 ya ce a binne tokar a wuri mai tsarki, kada a watsar, kada a ajiye a ɗaki.

Ga masu jawabi, roƙona ɗaya. Ku faɗi alherin mamaci, amma kada ku ce "ya riga ya shiga sama, ba ya bukatar komai." Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma kun yanke masa addu'a ke nan.

Bayan an watse

'Yan'uwanmu na wasu ɗariku sukan tambaye ni, in an riga an yi wa mutum shari'a, addu'ar me kuke yi masa? Ga yadda nake amsawa.

Ka ɗauki manomi da ya dawo daga gona da damina, ƙafa duk taɓo. Gidan ubansa ne, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an ajiye masa tuwo, ba mai korarsa. Amma shi da kansa ba zai taka tabarmar nan haka ba, zai tsaya bakin randa ya wanke. Yawancinmu haka za mu isa: muna ƙaunar Allah, an gafarta mana, amma da sauran rowa, sauran riƙo, sauran son kai da ba mu gama yaƙi da su ba. An cire ƙaya, miki bai warke ba. Wannan wankin ƙarshe shi ake kira Furgatori. Ba ƙaramar Jahannama ba ce, ba kuma dama ta biyu ba ce ga wanda ya ƙi Allah. Duk wanda yake ciki ya tsira, ƙofa ɗaya ce gare shi, ta shiga sama. Bulus ya yi maganar wanda aikinsa zai ƙone amma shi ya tsira, kamar ta cikin wuta, a 1 Korintiyawa 3:15. A littafin Makabiyawa na 2, sura 12, Yahuza ya tara kuɗi ya aika Urushalima a yi hadaya domin sojojinsa da suka mutu da laya a ƙarƙashin rigunansu. Wannan littafi yana cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika, ba ya cikin wanda ɗariku da yawa ke amfani da shi, shi ya sa ba su saba da ayar ba. Da na karanta wa tsofaffinmu labarin layun nan, ɗakin ya yi tsit, kowa ya tuna wani nasa.

Manyan tarukan Ikilisiya na Fulorens a 1439 da na Tirento a 1563 sun tsai da abu biyu: tsarkakewar tana nan, kuma addu'ar masu rai, musamman Mas, tana taimakon waɗanda ke cikinta. Tirento ya kuma gargaɗi masu wa'azi su bar ƙaƙale da duk abin da ke warin neman kuɗi. Saboda haka in wani ya ce maka ya san shekara nawa mahaifiyarka za ta yi, ko ya gani a mafarki, ko ka kawo kaza a fid da ita, ka rabu da shi.

Abin yi kuwa mai sauƙi ne. Je wurin Fada ko katikis ka ba da sunan mamaci a yi masa Mas. Ana ba da ɗan abin hannu bisa yadda dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin Bishop, ta tsara, amma ba sayen Mas ake yi ba, in ba ka da shi ka faɗa, za a yi. Dangi sukan tambaye ni batun sadakar uku da bakwai da arba'in, tunda maƙwabta suna yi. Ikilisiya ma tana da tsohuwar al'adar yin Mas a rana ta 3, ta 7, ta 30 da cikar shekara. Ku zaɓi ranar da dangi za su iya taruwa, ku yi addu'a, ku ba mabukata sadaka da sunansa, ku biya bashinsa. Monika, mahaifiyar Agustin mai tsarki, mutuniyar ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ta rasu a Ostiya ta Italiya a 387, nesa da kabarin da ta tanada kusa da mijinta. Ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, kada ya dame su, abu ɗaya take roƙo, su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji. Ina yawan ba da labarinta ga waɗanda nasu ya rasu a Legas ko Fatakwal ba halin kawo gawa gida, da waɗanda rashin tsaro ya raba da kaburburan iyayensu.

Sai watan Nuwamba. Ran 1 ga wata bikin Dukan Tsarkaka, ran 2 na Dukan Rayuka, al'adar da Odilo, shugaban gidan sufaye na Kuluni a Faransa, ya kafa kimanin shekara dubu da ta wuce. Daga 1 zuwa 8 ga watan, wanda ya ziyarci maƙabarta ya yi wa matattu addu'a, ya furta zunubansa, ya karɓi Jikin Kristi, ya yi addu'a domin nufin Fafaroma, zuciyarsa kuma ba ta liƙe da wani zunubi ba, yana iya samar wa wani rai cikakkiyar afuwa, sau ɗaya kowace rana.

A wurinmu lokacin ya yi daidai da kaka, dawa ta nuna, ciyawa ta rufe kaburbura har ba a gane na wane da na wane. Tun jajibiri matasa ke fita da fartanya da lauje, a nome, a gyara gicciyen da gara ta ci, a tayar da ƙasar da ruwa ya zaizaye. Muna da wani littafi mai baƙin bango a coci, duk wanda ya rasu ina rubuta sunansa da ranar. Da yamma ran 2 ga wata mukan taru a maƙabarta da kyandirori a cikin gwangwani saboda iska, in karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsawa "Allah ya ba shi hutawa." Sunan Baba yana shafi na biyu. Inna, har shekarar da ƙafa ta gagare ta, ita ce take fara isa wurin, ta zauna a gefen kabarinsa da Rosarinta. Da nata ciwon ya zo, rana ta biyu da kwanciyarta ta kira ni ta ce, "Aika wa Fada yau, kada ka jira." Na aika. Ya zo da rani, rafi a bushe, ta karɓi guzurinta tana zaune, ta amsa Amin da bakinta. Sunanta yana shafi na tara.